Kunnen Hagu na Yaya Ila

Kakarmu ba ta ba mai zaman banza tatsuniya. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, saboda haka duk jikan da ke son jin labari a gidanmu na Matameye sai ya zauna gaban kwando ya yi ta ɓarar gyaɗa har yatsunsa su yi zafi. Ta Tsauni muke ce mata, don daga Tsauni aka auro ta, kuma har ta tsufa a Matameye ba ta fasa cewa matan garin nan ba su iya tuƙa tuwo ba. Ana idar da sallar magariba za ta ɗora babban kaskonta a murhu, ta juye gyaɗar da muka ɓare jiya, ta kama juyawa da sakaina. Mu kuwa mu kewaye wutar, kowa na satar ƙwaya ɗaya-ɗaya yana jefawa baki idan ta sunkuya gyara itace. Tana gani sarai. Sai dai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ɓeran nan da ke zaune cikin zanen Dije, a ce masa ya rage mini na kasuwa."

Ni ce Dije. Yau Madam ake ce mini, na haura shekara ashirin ina koyarwa a makarantar firamare, amma a lokacin ƙaramar yarinya ce mai tsinin baki, wadda ba a gama tambaya ta ba da amsa.

Idan Ta Tsauni za ta fara, sai ta ƙwanƙwasa bakin kaskon da sakaina sau uku ta ce, "Kunnuwa su matso, hannuwa kar su tsaya." Idan ta gama, ta ɗebi ɓawon gyaɗa ta watsa a wuta, ya tashi fau, ta ce, "Ya ƙone. Wanda ya tsinci wani abu a tokar, nasa ne." Wurin zama na kusa da ita kuwa na yayana ne, Ila. Maigidana take ce masa, irin wasan kaka da jika, kuma duk gyaɗar da ta ɗan ƙone shi take tura wa. Ya girme ni da shekara biyu. Babu abin da hannunsa bai iya ba: shi ke ɗaure mana guga idan ta tsinke, shi ke gane jakin babanmu ba shi da lafiya tun kafin ya ƙi ci. Karatun lakwal, wato makarantar boko, shi ne kawai ya ƙi zama a kansa. Sau biyu aka maimaita masa aji, har na cim masa a aji uku, muka zauna benci ɗaya.

Malaminmu na wannan shekarar Mushe Dogo muke kiransa a bayan idonsa, don a lakwal kowane malami namiji Mushe ake ce masa. Yana da tsarinsa na lissafi. Kowane ɗalibi da ƙaramin baƙin allonsa da guntun alli. Mushe zai faɗi tambaya, ya bugi tebur da sanda, mu rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama da hannu biyu. Waɗanda suka kuskure su fito su durƙusa a jere gaban aji. Daga nan ba shi zai dake su ba. Sai ya zaɓi ɗaya cikin waɗanda suka ci, ya ce ya bi layin ya ba kowa mari. Yakan ce ta haka mai kai yake sanin darajar kansa, maras kai kuma ya ji kunya ya farka. Iyayenmu sun san ana yi, ba wanda ya ga laifi. Ni kuwa sau da yawa ni ake zaɓa, amma kullum Allah yana taimakona, domin Ila yakan leƙi allona ya kwafa kafin a buga sanda ta biyu.

Ranar da abin ya faru, Mushe ya raba mu zama. Ya mai da Ila can baya, ya ce bakwai sau takwas. Aka buga sanda. Na rubuta hamsin da shida tun kafin amon ya mutu. Aka sake bugawa, alluna suka tashi, yara goma sha ɗaya suka fito, na ƙarshensu Ila, ya fi kowa tsawo ko a durƙushe. Mushe ya duba aji, ya nuna ni.

Na bi layin ina mari, tas, tas, har na zo kan yayana. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Ni da ko sunansa ban taɓa kira gatsal ba, yaya zan ɗaga hannu a fuskarsa? Sai na shafi kumatunsa kawai na juya.

"Wannan ne mari?" in ji Mushe. "Zo in koya miki."

Ban ga tahowar hannunsa ba. Na dai ji wuta ta tashi a idona, na bugu da tebur, bakina ya cika da gishiri-gishirin jini. Mushe ya sunkuyo. Ya ɗago ni da wuyan riga ya tsayar gaban Ila, ya ce idan na sake yin wasa, sau uku zai maimaita mini. Na ja da baya, na tattara ƙarfina duka, da tsoro da haushi da kunya, na sauke tafina a kan kunnen Ila na hagu. Ƙarar ba irin ta sauran ba ce. Ya dafe wurin, ya buɗe baki ba sauti, ya kife a ƙasa yana shure-shure. Da ya ɗago, wani siririn jini na bin wuyansa yana shiga cikin riga. Mushe ya ce, "Yawwa. A koma a zauna. Takwas sau tara."

A hanyar gida Ila na gaba, ina biye da shi a baya. A gida ya ce faɗuwa ya yi. Ta Tsauni ta dubi kunnensa, ta dubi leɓena da ya kumbura, ta dubi tafin hannuna da nake ɓoyewa a zane. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta narka man shanu ta ɗiga masa, ta toshe da auduga, ta kwantar da kansa a cinyarta. Da magariba ta yi ta ɗora kasko kamar kullum. Ta ƙwanƙwasa sau uku, amma ba ta ce kunnuwa su matso ba. Cewa ta yi, "Yau a bar ɓarar. Ku zauna kawai."

Ta ce an yi wani maharbi mai karnuka biyar. Cikinsu akwai Baƙi, babba, mai nauyin ƙafa, amma hancinsa ba ya kuskure. Shi ke gano sawun nama tun sauran na shinshinar banza. Akwai kuma ƙanwarsa 'Yar Ja, uwarsu ɗaya, ba ta da hanci sosai amma idan ta zabura iska ba ta kamo ta. Baƙi ya nuna hanya, sauran su kewaye, 'Yar Ja ta cafke. Haka suke ci, gidan maharbi ba ya rabuwa da nama.

Sai maharbi ya ga kamar ƙafa ɗaya ce ke ciyar da shi, sauran cin banza suke. Ya kafa doka. Duk karen da haƙorinsa ya fara taɓa nama, kayan ciki nasa ne shi kaɗai. Sauran huɗun a ɗaure su a turke, wanda ya yi nasara ya bi su ya ciji kunnen kowa, don gobe su ƙara gudu. Ranar farko 'Yar Ja ta ciji uku, ta zo kan Baƙi, ta lashe masa kunne. Maharbi ya zaro itace mai wuta daga murhu ya manna mata a haƙarƙari, gashinta ya yi ƙauri, ta yi ƙara har unguwa ta ji. Ta juya ta kafa haƙora a kunnen ɗan'uwanta, ta fizga, rabin kunnen ya biyo bakinta.

A nan Ta Tsauni ta dakata ta juya gyaɗa. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙannenmu ba su gane komai ba, sai cewa suke, "Sai me, Ta Tsauni, sai me?"

Ta ce haka aka yi ta yi. Kullum 'Yar Ja ke kamawa, don ita ke cin kayan ciki, ta yi ƙarfi, sauran suna ramewa. Tun tana cizo da hawaye har ta koma yi da kaɗa wutsiya. Kunnuwan huɗun nan suka zama tsumma, ƙudaje na bi, suka ruɓe, suka toshe. Baƙi kuma ya gane cewa duk sawun da ya gano, ƙarshensa cizo ne a kansa. Sai ya koma idan ya ji warin barewa ta gabas, ya ja su yamma. Nama ya yi wuya. Maharbi ya ƙara duka, ya ƙara nisa cikin daji, har ranar da ya taka wurin da damisa ta ɓoye 'ya'yanta.

Ta Tsauni ba ta sassauta wa yara irin wannan wuri. Ta ce damisa ta diro masa ta baya, ta kafa farce a fatar kansa ta ja ta har ta rufe masa ido. Baka ya faɗi can, kwari can. Ya yi ta kwarara kiran karnukansa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. 'Yar Ja kaɗai ta zo, ta daka tsalle, damisa ta tare ta da hannu ɗaya ta farke mata ciki, hanjinta ya zubo a kan ciyawa tana ja. Sauran huɗun suna zaune a kan suri, suna kallon bakin maigidansu na buɗewa yana rufewa, har ya daina.

Ƙanenmu Sale ya ce, "To Baƙi bai ji ana kiransa ba?"

Ta ce, "Da wane kunnen, ɗan nan?"

Ta ɗebi ɓawo ta watsa a wuta. Na yi ƙarfin hali na ce, "Ai ba laifin 'Yar Ja ba ne. Ƙona ta aka yi."

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Ranar farko ƙona ta aka yi," in ji ta. "Sauran ranakun fa, Dije? Kayan ciki da daɗi." Ila na kwance a cinyarta, kunnen dama a ƙasa, mai audugar a sama. Sai daga baya na gane ko kalma ɗaya ta labarin bai ji ba.

Kunnen bai warke ba. Ya yi ruwa wata biyu, ya bushe, ya mutu. Babanmu ya je lakwal da niyyar faɗa, aka ce masa yaron dama ba shi da kai, ya dawo ya tura Ila Dungu wurin kawunmu mai gonar rake. Ni na ci gaba. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka: har ƙarshen shekarar nan ni ce mai marin aji, kuma na zo ina jin daɗin yadda yara ke kauce mini a hanya, suna ba ni ƙosai don in sassauta. Ila bai taɓa tayar da zancen ba. Ya koyi karkato da kansa ya ba mutum kunnen dama, kuma ni ya fi yi wa haka, da murmushi. Sau ɗaya na ba shi haƙuri, ranar bikinsa, cikin hayaniyar makaɗa. Na zaɓi gefen hagu na raɗa masa. Na san abin da na yi.

Da na zama malama na yi rantsuwa ba zan taɓa riƙe bulala ba, ba zan sa yaro ya daki yaro ba. Na riƙe wannan shekara da shekaru, har ina taƙama da shi. Lokacin da aka zo da sabon tsari aka hana duka a makarantu, abokan aikina suna gunaguni a gindin dogon-yaron da muke shan shayi, ni ina yi musu dariya ina cewa ni na riga gwamnati. Saboda wannan sunan da na yi ne Ila ya kawo mini ɗansa Nasiru daga Dungu, yana da shekara bakwai, ya zauna a gidana ya yi karatu. Ya ce, "Ga shi nan, Madam. Kaina ya ɗauko, ba naki ba. Amma an ce ke ba kya duka." Gaskiyarsa. Yaron shiru-shiru ne, mai jinkirin lissafi, amma shi ya gyara mini rediyon da na fid da rai da ita.

Bara wani furoje na masu tallafa wa makarantu ya kawo mana tabulet, da farantin sola na cajinsu. Aka kai mu Damagaram aka horar da mu kwana biyar. Ajina yara tamanin da 'yan kai, aka ba ni tabulet shida. A ciki akwai wasan lissafi: yaro ya taɓa amsa, in ya ci ta yi masa tafi ta ba shi tauraro, ƙarshen mako kuma ta jera sunaye daga na sama har na ƙasa. Masu horarwa suka ce a raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da mai riƙewa. Direktan makarantarmu kuma ya ja mini kunne cewa idan ɗaya ta fashe, ni zan yi wa insfekta bayani. Na yi tunani irin na mai hankali, a ganina. Na ce waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na shida su ne masu riƙewa, don sun fi natsuwa. Na kuma ce musu, a gaban kowa, "Duk wanda ya kai hannu ba izini, ku hana shi. Ban ce ku tsaya wasa ba."

Na ji daɗin tsarin nan ƙwarai. Aji ya yi shiru, taurari na ƙaruwa, insfekta ya zo ya yaba, har ya ce a turo malaman Yauri su ga yadda nake yi. Ban lura cewa mai riƙewa shi ke taɓawa, mai taɓawa shi ke samun tauraro, mai tauraro shi zai sake riƙewa ba. Ban lura masu riƙewan sun fara zuwa da rula suna ajiyewa a cinya ba. Ko kuwa na lura, na kau da kai. Wata uku sunaye shidan nan ba su canza ba. Nasiru yana rukunin wata yarinya Balki, mai kaifin kai da tsinin baki, wadda nake so don tana tuna mini da kaina. Wata uku yana leƙe ta saman kafaɗar wasu, yatsansa bai taɓa gilashin nan ba, kuma a gidana yake kwana bai faɗa mini ba.

Ranar wata Laraba ina bakin ƙofa muna magana da direkta. Abin da ya faru a bayana, yaran ne suka ba ni labari daga baya. Tambaya ta fito, Nasiru ya san amsar, karo na farko ya riga kowa. Ya miƙa yatsa. Balki ta sauke masa rula. Ya sake miƙawa. Ta ɗaga tabulet ɗin ta sara masa kusurwarta a gira, wurin ya dare, jini ya rufe masa ido. Ya yi kukan kura ya shaƙe ta. Sauran 'yan rukunin, su goma sha biyu, ba wanda ya raba. Kanta suka hau. Masu naushi na yi, masu yaƙushi na yi, wata ta kama kitsonta tana buga kanta da benci. Kafin in juyo, sauran rukunan ma sun tashi a kan nasu masu riƙewan, aji ya zama kasuwa.

Na kutsa ciki ina ture yara. Ga Balki a ƙasa, haƙorinta na gaba ya karye, bakinta jina-jina. Ga Nasiru rabin fuskarsa ja. Ga tabulet an tattake, gilashin ya yi raga-raga. Allah ya gani, tabulet ɗin na fara ɗauka. Na juya ta, na danna, ba ta kawo ba. Na ɗago na ga Nasiru tsaye yana haki, sai na ji hannuna ya tafi da kansa. Ƙarar da ta fito na san ta. Shekara talatin da wani abu ban ji ta ba, amma na san ta. Ya dafe kunnensa na hagu, ya dube ni, ya fita. Muna can muna kai Balki gidan likita, shi ya roƙi masu amalanken rake da ke komawa Dungu suka tafi da shi.

Kwana uku na kasa bin sa Dungu. A gindin dogon-yaro malamai suka yi ta muhawara. Mushe Haruna, wanda ya kusa ritaya, ya ce ai ga irinta nan, da bulala na nan da ba a yi haka ba. Wani matashi ya ce laifin furoje ne da ya kawo shida maimakon tamanin. Ni kuwa labarin Ta Tsauni ne ke yawo a kaina, ita da ta daɗe a ƙasa. Duk tsawon shekarun nan na ɗauka na gane shi: Mushe Dogo ne maharbi, ni ce 'Yar Ja da aka ƙona, bulala da mari su ne mugun abin. Na jefar da bulala na zaci na fita daga labarin. Ashe abin da ya kashe maharbi ba itacen wuta ba ne, dokar ce: a ba mai gudu komai, a kuma ɗora shi a kan 'yan'uwansa. Wannan dokar na ɗauko ta daga ajin Mushe Dogo ba tare da na sani ba, na kai ta ajina, na haɗa ta da sola. Na yi wa Nasiru abin da aka yi wa ubansa, na yi wa Balki abin da aka yi mini. Ta Tsauni ta kashe 'Yar Ja a labarinta, ba ta gaya mana abin da take zama idan ta rayu ta girma aka ba ta aji ba.

Na je gidan su Balki na durƙusa gaban uwarta. Na dawo aji na soke masu riƙewa, na ce tabulet biyar da suka rage za su riƙa zagayawa hannu-hannu, kuma daga ƙasan jerin sunaye za a fara. Direkta ya ce za su fashe. Na ce to su fashe, ni zan tsaya gaban insfekta. Ranar Asabar na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Dungu, don na san idan Ila ya ce yaron ya gama lakwal, ya gama ke nan, kamar yadda shi ya gama.

Na same su a bakin gonar rake. Ba su ga zuwana ba. Nasiru na zaune a kan kututture da ƙyalle a gira, Ila ya durƙusa a bayansa, ya toshe masa kunnen dama da tafin hannu, yana raɗa masa wani abu a na hagu. Yaron ya ce, "Rake." Ya sake raɗawa. Yaron ya ce, "Jaki." Matar Ila ta gaya mini daga baya cewa tun ranar Laraba haka yake yi, safe da yamma.

Na yi sallama. Ila ya amsa, ya tura yaron ya kawo ruwa, ya ɗauki addarsa ya ci gaba da sassabe ganyen rake. Na fara zuba. Na yi bayanin tabulet shida da yara tamanin, da insfekta, da direkta, da yadda na canza tsari. Ina cikin magana ya juya a hankali, ya ba ni gefen hagu. Tunda muke bai taɓa yi mini haka ba. Na tsaya da bakina a buɗe, ina kallon kunnen nan da na kashe, furfura ta fara kewaye shi.

Na tattare zanena na shiga cikin laka, na kewaya ta gabansa, ta ƙarƙashin addar, na tsaya a damansa.

"Yaya," na ce, "ni na kashe maka kunne. Da farko tilasta ni aka yi, amma ƙarfin da na sa nawa ne. Ka bar lakwal ni na ci gaba, ban taɓa ba ka haƙuri inda za ka ji ba. Ga shi na taɓa ɗanka da hannun nan. Ka yafe mini. In ba za ka iya ba, kar ka hukunta shi da laifina."

Ya sauke addar. Ya juyo gare ni. "Ranar bikina kin faɗa," in ji shi. "Ta wancan gefen. Na ji numfashinki a wuyana, na san me kike cewa. Na ce bari in jira ranar da za ta zagayo." Ya share fuska da hannun riga. "Kin daɗe, Dije."

Kuka nake kamar yarinyar aji uku. Nasiru ya dawo da kwanon ruwa ya tsaya nesa. Ubansa ya ce masa, "Gwaggonka ta zo. Ni ba zan ce ka bi ta ba, ba zan ce ka zauna ba. Kunnenka ne." Yaron ya dube ni da idonsa ɗaya da bai kumbura ba, ya ce, "In na koma, zan taɓa?" Na ce shi zai fara. Ya ajiye kwanon ya tafi ɗauko takalminsa.

Ila ya sara mana rake uku ya ɗaure a bayan babur. Muka kamo hanyar Matameye, Nasiru a tsakanina da mai kabu-kabu, iska na kaɗa ƙyallen girarsa. Muka wuce rabin hanya. Na sunkuya ta gefen hagunsa, na yi ƙasa da murya yadda ni kaina da ƙyar nake jin kaina, na ce, "Kana jin yunwa?"

Ya juyo ya ce, "Tun safe, Gwaggo."